Hatimin da Ke Aljihun Farar Riga

Akwatin ne ya fara faɗowa, murfinsa ya ɓalle, sai takalma suka biyo baya, ɗaya nan ɗaya can, sannan littattafan karatunta suka zube a bakin ƙofa, daidai inda ruwan wanki ya kwanta. Auta ta durƙusa tana tsince su tana gogewa da gefen zanenta, hawaye na ɗiga a kan bangonsu. Rana tsaka ce, maƙwabta sun firfito sun jingina da katanga, kowa ya zuba ido.

"Kwashi tsiyarki ki ba mu wuri!" in ji Gwaggo, ƙanwar mahaifinsu, tana tsaye a ƙofa hannu a ƙugu. "Butulu! An ciyar da ke, an tufatar da ke, an kai ki makaranta har kin iya saka farar riga, yau ɗan'uwanki ya nemi abu ɗaya tak a hannunki, kin ce Allah ya hana. To, tafi Allahn ya ba ki ɗaki!"

Auta ba ta dubi Gwaggo ba. Ta bayan kafaɗarta take hangen Yayanta, yana zaune a kan kujerar da ya ƙera da hannunsa, kansa a sunkuye, garin katako har yanzu a gashin kansa.

"Yaya..." ta ce. "Yaya, kai ma ka ce in tafi?"

Bai ɗago ba. Wayyo, da ma zaginta ya yi, da ya fi mata sauƙi!

Su uku iyayensu suka haifa: Yaya, da wata 'yar'uwarsu da ake kira Kurciya saboda sanyin halinta, sai Auta. Kurciya da ciwon sikila aka haife ta. Auta ta tashi tana ganin yayarta tana murƙususu a kan tabarma, tana cizon gefen matashi don kada ta tayar wa mutane da hankali, idanunta sun yi rawaya, ƙasusuwanta na mata kamar ana sara da gatari. Aikin Auta tun tana 'yar shekara bakwai shi ne ta jiƙa tsumma a ruwan ɗumi ta riƙa gasa mata gwiwoyi. Kurciya ta rasu tana da shekara goma sha huɗu, kanta a cinyar Yaya. Bayan shekara biyu iyayen suka bi ta, uba ya riga, uwa ta biyo. Yaya ya ajiye karatunsa ya shiga shagon kafinta don Auta ta ci gaba da nata. Takalmi ɗaya ya yi shekara uku da shi, yana bugun ƙusa a dunduniyarsa duk sanda ta ɓalle, yana dariya yana cewa ai kafinta ba ya rasa takalmi muddin akwai guduma. Haka ya yi ta fama har Auta ta gama, ta sami aiki a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti. Ranar da ta fara saka farar riga, Yaya ya zagaya ta sau biyu yana tafi, ya ce, "Autar Mama, yau ko na mutu na cika alkawari!"

To, shi wannan Yaya ne Allah ya haɗa zuciyarsa da wata malamar makaranta, 'yar ɗaya daga cikin dattawan ikkilisiyarsu, yarinya mai hankali da fara'a. Kowa Malama yake ce mata. Auta ta ƙaunace ta tun ganin farko. Gwaggo kuwa, wadda ita ce shugabar zumuntar mata ta ikkilisiyar, ai sai ta hau iska: babu gidan da ba ta shiga ta faɗa cewa ɗanta zai auri 'yar dattijo ba, har ta fara tafiya a majami'a kamar da ita aka aza harsashin ginin.

Ƙa'idar ikkilisiyar ita ce, kafin a yi sanarwar aure, kowane ɗaya daga cikin masu niyya ya kawo wa Fasto takardar gwajin jini. Malama ta daɗe da sanin nata: AS ce, wato lafiyarta ƙalau amma tana ɗauke da irin sikila, kuma ba ta ɓoye wa kowa ba. Idan mijin AA ne, babu damuwa. Idan shi ma AS ne, kowane ciki tana iya haifar mai ciwon. Auta da kanta ta ɗebi jinin Yayanta, suna raha, yana kawar da kai kamar ƙaramin yaro. Ta rubuta lamba a jikin kwalbar, ta shigar da lambar da sunansa cikin babban littafin ɗakin gwaji kamar yadda ake yi wa kowa. Da sakamako ya fito, sai ta ƙi yarda da idonta. Ta sake gwadawa. Ta shiga bayan ƙofa ta yi addu'a, ta sake na uku... AS.

Ta rubuta gaskiya, ta buga hatiminta, ta kai masa gida. Yaya ya karanta, ya sake karantawa, har shayinsa ya huce. Gwaggo ce ta fizge takardar, ta duba, ta yayyaga ta.

"Harafi ɗaya ne fa," ta ce. "Ki sa A inda kika sa S, shi ke nan. Wa zai sani?"

"Allah zai sani, Gwaggo. Ni ma zan sani."

"Ji min 'yar nan! Ina bangaskiyarki? Allahn da ya tsaga teku ne zai kasa gyara jini? Ku 'yan boko kun mai da kwalba abin bauta!"

"In bangaskiya ce, Gwaggo, mu tafi da gaskiyar gaban Malama da Fasto, mu yi addu'a tare, su biyun su yanke shawara idonsu a buɗe. Amma ba a kai wa Allah ƙarya a ce masa ya sa albarka."

A nan Yaya ya matso, ya kama hannayenta biyu da nasa masu kanta, idanunsa jajur. "Autar Mama, ban taɓa roƙonki komai ba. Kin sani. Idan mahaifinta ya ga wannan, magana ta ƙare. Ba zan iya rabuwa da ita ba. Ki taimake ni..."

"Yaya, ka tuna Kurciya. Ka tuna yadda take cizon matashi. Kana so Malama ta riƙe ɗanta haka, ba tare da an taɓa tambayarta ko ta yarda ba?"

"Wato kin fi son Allah da ni?"

Ta daɗe tana kallonsa. Babu wanda take ƙauna a duniya kamar wannan mutumin. Da ƙodarta ya nema, da ta kwanta an cire ta ba shi. Amma ta tuna mahaifiyarsu a kwanakinta na ƙarshe, tana shafa mata kai tana cewa, "Auta, ki so kowa, amma kada ki ba kowa kujerar Ubangiji, ko da ni ce." Sai ta buɗe baki, hawaye na shiga mata ciki, ta ce, "I, Yaya. Na fi son sa."

Ya saki hannayenta. Abin da ya kai ga zubar da kayanta a ruwan wanki ke nan.

Wata abokiyar aikinta ta ba ta wurin shimfiɗa katifa a wani ɗan ɗaki da take ajiye buhuna da tsoffin kujeru. Sai washegari da safe Auta ta tuna cewa farar rigarta tana rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakinta na gida, kuma a aljihunta akwai hatiminta. Kowane ma'aikacin ɗakin gwaji yana da nasa hatimi mai sunansa, ba a barinsa a kan tebur, a jiki ake yawo da shi. Akwai kuma takardun sakamako guda biyu da ba a cike ba, domin Gwaggo tana da ciwon sukari kuma ba ta son bin layi, saboda haka duk ƙarshen wata Auta ce ke ɗibar jininta a gida, ta kai asibiti, ta dawo mata da takarda. Ta aika a karɓo mata rigar, Gwaggo ta ce ta ƙone ta. Ya kamata a ranar Auta ta je ta faɗa wa hukumar asibiti cewa hatiminta ya fita daga hannunta. Ba ta je ba. Ta yaya za ta tsaya gaban bare ta ce Gwaggonta ta riƙe mata kaya? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta ari wata riga, tana gwaji abokiyarta na sa hannu, tana cewa a ranta gobe ko jibi zuciyoyi za su huce. Wannan kunyar ita ce kuskurenta, kuma ta biya shi da tsada.

Ran Lahadi ta je sujada, ta tarar labari ya riga ta isa. Gwaggo ta bi mata ɗaya bayan ɗaya tana share ƙwalla: wai Auta ba ta son Yayanta ya yi aure, wai kishin Malama take yi, wai ta saba ita kaɗai ce a zuciyarsa. Da Auta ta zauna a bencin mawaƙa, matar da ke gefenta ta ja jakarta ta matsa. Wata ta ce da ƙarfi don ta ji, "Ilimi ba tarbiyya, ai hauka ne da takarda." Kalma ɗaya za ta wanke ta, ta ce ga abin da gwaji ya nuna. Amma sirrin jinin mutum amana ne a wurin mai gwaji, ta yi rantsuwa a kansa, balle jinin Yayanta. Sai ta ɗaga kanta sama, ta buɗe littafin waƙa, ta rera da muryar da ta fi ta kullum ƙarfi. Wanda zai ga hawayenta sai dai Allah, ba waɗannan ba!

Lahadi ta biyu, Fasto ya miƙe ya yi sanarwar aure ta farko tsakanin Yaya da Malama, ya ce takardu sun cika. Majami'a ta ɗauki guɗa. Auta ta ji kamar an zuba mata ruwan ƙanƙara. Takardu sun cika? Da wace takarda? Nan take ta tuna aljihun farar riga.

Da sassafe ran Litinin ta je shagon Yaya. Ta same shi yana goge ƙafar wani gado, sabon gado, na aurensa. Ta durƙusa a cikin garin katako.

"Yaya, don girman Allah, ka je ka faɗa wa Malama da bakinka. In daga gare ka ta ji, wataƙila ta yafe. Ba zan faɗi sirrinka ga kowa ba, ko za a yanka ni. Amma sunana yana kan takardar da ban rubuta ba, kuma wannan ba zan yi shiru a kansa ba. Na ba ka zuwa jibi."

"Yanzu har wa'adi kike ba ni?" Ya ajiye abin gugar. "Ni da na goya ki a baya na kai ki makaranta ranar da ruwa ya cika hanya? Fita, Auta. Ba ni da ƙanwa."

Ta fita. A bakin titi ta tsaya ta riƙe wani ƙarfen fitila ta yi kuka kamar ranar da aka binne mahaifiyarsu. "Ya Yesu," ta ce, "kai ka san ba ƙinsa nake yi ba. Kai ka sani! In akwai wata hanya, ka nuna mini..." Ba a nuna mata wata hanya ba. Jibi ta yi, Yaya bai je ba, sai ita ta je ofishin Fasto.

"Baba, abu ɗaya na zo faɗa. Duk takardar da aka kawo maka da hatimina a kan Yayana, ba ni na rubuta ta ba."

Fasto, dattijo mai sanyin magana, ya buɗe aljihun tebur ya fito da takardar. Ga hatiminta raɗau, ga sa hannu mai kama da nata, ga AA. "'Yata, to mene ne sakamakon na gaskiya?"

"Wannan ba nawa ba ne da zan faɗa, Baba. Ka tambaye shi."

Fasto ya dakatar da sanarwa, ya kai takardar asibiti da kansa. Shugaban ɗakin gwaji, wani tsoho da ake kira Baba Tabarau, yana hutu an yi masa aikin ido. Mai kula da ma'aikata ne ya buɗe babban littafi, ya nemi sunan Yaya, ya ga abin da ke ciki bai dace da takardar ba, ya ga kuma hatimin Auta. Bai ƙara bincike ba. A ranar aka ba ta takardar dakatarwa, aka ce ta jira zaman kwamiti, kuma in laifin ya tabbata, ba za ta sake taɓa kwalbar jini ba har abada.

Gwaggo kuwa, da ta ga ruwa na neman ƙare wa ɗan kada, sai ta juya waƙa. Ta shiga gidan mahaifin Malama tana birgima a ƙasa: "Yarinyar nan ta cuce mu! Ita ta ba mu takardar da hannunta, mu me muka sani a harkar jini? Ashe tarko ta haɗa don ta kunyata ɗan'uwanta a gaban duniya!" Aka tambayi Yaya, ya yi shiru. Shirun nan nasa aka ɗauka shaida.

Ga Auta ba gida, ba aiki, ba suna. An cire ta daga cikin mawaƙa. Yaran da take koya wa waƙa ran Asabar iyayensu suka hana su gaishe ta. Ta rame har zoben mahaifiyarta ya riƙa zamewa daga yatsanta, ta ɗaure shi da zare a wuya. Abokiyarta ta ce, "Ke dai wallahi taurin kanki ya yi yawa. Ki buɗe baki ki tona musu asiri mana!" Auta ta yi murmushi mai ɗaci ta ce, "In na tona asirin Yaya don in tsira, da me na fi Gwaggo?" Amma da ta keɓe, ba ta da wannan ƙarfin. Takan durƙusa tsakanin buhuna ta ce, "Ubangiji, na zaɓe ka, ga shi ba ni da kowa. Ba na ce ka biya ni ba... amma kada ka bar Yayana ya hallaka a cikin wannan ƙarya. Ka dawo mini da shi, ko bai dawo wurina ba, ya dawo wurinka." Da ƙarshen wata ya zo, ta tuna babu mai duba sukarin Gwaggo. Ta roƙi abokiyarta ta je ta duba ta, kada ta ce ita ta aiko. Gwaggo ta miƙa hannu aka ɗiba, tana zagin Auta har aka gama.

Bayan mako uku kwamiti ya zauna a wani ɗaki mai dogon tebur da fanka mai ƙara. Ga likita, ga mai kula da ma'aikata, ga Fasto da aka gayyata, ga Gwaggo cikin sabon mayafi, ga Yaya a ƙarshen benci ya zama kamar inuwar kansa. Malama ma ta zo da mahaifinta, idanunta a kumbure. Can kusurwa Baba Tabarau na zaune, ido ɗaya a rufe da auduga, babban littafi a kan cinyarsa.

Likita ya ce, "Hatimin nan naki ne?"

"Nawa ne."

"A hannun wa yake a ranar da aka rubuta takardar?"

Auta ta ce, "Yana aljihun rigata. Rigar kuwa a gida na bar ta. Ban kawo rahoto ba, wannan laifina ne, na karɓa."

"Ƙarya take yi!" Gwaggo ta miƙe. "Da rigarta ta fita! A gaban idona ta rubuta, ta hura wa tawadar iska, ta miƙo mini. Ni uwa ce a ikkilisiya, shekara ashirin ina jagorantar mata, zan zo nan in yi ƙarya?"

Auta ta dubi Yaya, ya kawar da kai. Likita ya ɗauki biro. Sai aka ji gyaran murya daga kusurwa.

"A ba ni takardar nan in gani," in ji Baba Tabarau. "Ido ɗaya ya rage mini, amma shi ne mai kyan."

Ya kai ta dab da hancinsa, ya daɗe yana dubawa. "Da suna kuka nemi mutumin nan a littafi?" ya tambayi mai kula da ma'aikata. "To, ai mu a ɗakin gwaji ba ma sanin mutum da suna. Suna na iya zama na mutum goma. Lamba muke bi, kowace kwalba da tata, ba a maimaitawa. Yarinyar nan ni na koya mata aiki. Ko cikin barci aka tashe ta, ba za ta sa lambar wani a takardar wani ba, balle lambar da ita ta rubuta a kwalba da hannunta." Ya lashi yatsa ya fara buɗe shafuka baya, baya, har wata biyu. Yatsansa ya tsaya. "Ikon Allah! Lambar da ke kan takardar nan ba ta saurayin ba ce. Ba ma ta gwajin sikila ba ce. Ta gwajin sukari ce, na wata mata..." Ya karanta sunan a hankali, ya ɗago idonsa ɗaya. "Akwai mai wannan suna a ɗakin nan?"

Sunan Gwaggo ne. Ashe da ta zauna cike takardar, ta ga gurbin lamba ba ta san abin da ake sawa ba, sai ta ɗauko tsohuwar takardar sukarinta da Auta ta kawo mata, ta kwafe lambar tsaf, harafi da harafi, da kyakkyawan rubutunta na tsohuwar magatakardar zumunta. Wanda zai gina ramin mugunta aka ce ya gina shi gajere!

"Sharri ne! Haɗa baki suka yi!" Gwaggo ta fara kururuwa.

"Ya isa, Gwaggo."

Yaya ne. Ya miƙe, ya tako kamar mai ɗauke da buhu, ya zube a gaban Auta a kan gwiwoyinsa, a gaban kowa. "A kan teburina aka rubuta ta. Ni na riƙe takardar don kada ta motsa. Auta ta ba ni gaskiya, AS ne ni, muka yaga. Ta roƙe ni har shago, na kore ta." Kuka ya ci ƙarfinsa, katon mutum yana shessheƙa kamar yaro. "Mako uku ban iya taɓa gadon nan ba. Duk na ɗauki guduma sai in ga Kurciya... Autar Mama, na ce ba ni da ƙanwa. Ni ne ban cancanci ƙanwa ba!"

Auta, wadda ba ta bari an ga hawayenta a majami'a ba, ta durƙusa ta rungume kansa, garin katako na manne mata a fuska. "Tashi, Yaya, tashi don Allah. Ban taɓa daina sonka ba, ko na minti ɗaya. Tashi, kada ka sa ni kunya..."

Malama ta matso a hankali. Ta dubi Yaya ta ce, "Da ka zo mini da gaskiya, da mun zauna mun yi kuka tare, mun nemi nufin Allah tare. Ban san abin da zan zaɓa ba. Amma ka zaɓar mini a ɓoye, ni da 'ya'yan da ban haifa ba." Ta zare zoben alkawari ta ajiye a tafin hannunsa, ba da fushi ba. Sannan ta juya ta kama hannun Auta ta ɗora a ƙirjinta. "Na zage ki a zuciyata, 'yar'uwa. Ashe ke kaɗai ce kika tsaya mini. Ki yafe ni."

Likita ya ce satar hatimi da ƙirƙirar takardar asibiti magana ce ta hukuma. Gwaggo ta ji haka, ta zauna daɓas a ƙasa, sabon mayafin ya zame. Auta ce ta roƙa mata. "Tsohuwa ce, kuma ba ta da lafiya. Ni aka ɓata wa suna, kuma na yafe." Aka bar maganar hukuma, amma ikkilisiya ba ta bari ba. Ran Lahadi aka sauke Gwaggo daga shugabancin zumunta, aka sa ta ƙarƙashin horo, ita da Yaya. Matar da shekara ashirin take zama a bencin gaba ta koma na ƙarshe, kusa da ƙofa, kuma sai da ta miƙe a gaban jama'ar da ta bi gida gida, ta faɗi abin da ta yi da bakinta. Matan da suka ja jakunkunansu suka riƙa zuwa wurin Auta suna sunkuyar da kai. Asibiti ya mai da ita aiki, da gargaɗi a kan rahoton da ba ta kai ba, kuma da Baba Tabarau ya tashi ajiye aiki bayan shekara, babban littafin a hannunta ya sa shi.

Auren bai yiwu ba. Yaya ya sha wuyar wannan rabuwa, ya rame, ya yi ta azumi da addu'a, gadon kuma ya kai shi ɗakin yara masu sikila na asibitin ya ce kyauta ne. Amma wata safiya, kwana kaɗan bayan zaman kwamiti, Auta na wanke kwalabe sai aka ce ana sallama da ita. Ta fito ta gan shi tsaye da ƙunshi a hannu. Farar rigarta ce, ashe ba a ƙone ta ba. Ya wanke ta da kansa, ya yi mata guga irin ta kafinta, har da tabon dutsen guga a kafaɗa.

"Yaya! Ka ƙona mini riga!"

"Ai katako na iya gogewa, ba tufa ba," ya ce, suka yi dariya da hawaye. Sannan ya fito da wani ɗan akwati na katako, bai fi tafin hannu ba, an goge shi yana sheƙi, da 'yar kuba a jikin zare. Ta buɗe, hatiminta na kwance a ciki.

"Kuba ɗaya ce, ban yi ta biyu ba," ya ce. "Ko ni na zo na durƙusa, kada ki buɗe mini. Ranar da kika ce kin fi son Allah da ni, na ɗauka na rasa ƙanwa. Ashe da kin fi sona da shi, da kin taya ni haƙa kabarin ɗana." Ya goge ido da bayan hannu. "Ɗakinki na nan, na gyara murfin akwatin ma. Ki dawo gida, Autar Mama."

Ta koma. Da ƙarshen wata ya zagayo, ta ɗauki allura da auduga ta tsaya a ƙofar Gwaggo ta yi sallama. Tsohuwar na zaune a bakin gado, ta kasa ɗago kai. Can ta miƙo hannunta, hawaye na bin kumatunta.

"Ki yi a hankali, 'yar nan," ta ce da ƙyar. "Ko da yake... in kin soka da ƙarfi ma, na ci."

Auta ta riƙe hannun, ta shafa auduga, ta soka a hankali kamar yadda ta saba. Ta rubuta lamba a jikin kwalbar, ta rataya 'yar kubar a wuyanta kusa da zoben mahaifiyarta, ta fita zuwa aiki kanta a sama.